Shuɗin Ambulan na Baushe

Baushe ya yi shekara talatin yana rubuta wa mutane wasiƙa a wata 'yar rumfa kusa da kasuwar Filingue. Da alƙalami ya fara, ya koma keken rubutu, daga baya ɗan ƙanensa Ibrah ya kawo masa ordinata, wato kwamfuta, daga Yamai, ya zaunar da shi kwana uku yana koya masa. Baushe ya rubuta komai cikin kaye, ɗan littafinsa na rubutu: shuɗin ambulan a gilashin na'ura, na uku daga sama, danna sau biyu. Iyakar iliminsa ke nan, kuma da shi yake karɓar saƙon rabin ƙauyukan Kurfai daga 'ya'yansu da ke ci-rani.

Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Kowane jajiberen kasuwa sai ya share rumfa, ya koma kan na'ura ya ja takardun da ya gama da su zuwa kwandon shara, ya zubar da kwandon ma. A cewarsa, sirrin mutane ba ya kwana a bola. Ranan nan tabaraunsa ya karye, amma ya ƙi fasa sharar.

Da safe ya kunna na'ura, ba ambulan. Ya ƙirga daga sama, ya ƙirga daga ƙasa, ya kashe ya sake kunnawa, har gilashin ya goge da hannun riga. Gabansa ya faɗi, don ya san wadda ke tafe.

Tanne tsohuwa ce daga wani ƙauye wajen Tabla. Ɗanta na fari, Albarka, ya tafi Libiya, ya aiko wasiƙa ɗaya da hotonsa, shekara biyu ke nan shiru. Ba wani hotonsa a ko'ina sai cikin ambulan ɗin nan. Ita kuwa uwa ce ta gargajiya: ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi. Duk ranar kasuwa takan shigo ta ce inuwa ta zo sha. Baushe ya buɗe hoton kamar aikin gabansa yake yi, ta saci kallo, ta tashi.

Yana cikin zufa ta yi sallama ta zauna. Ya kira Ibrah a waya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ibrah, ambulan ya ɓace."

"Duba korbai, Baba, kwandon nan. Ƙila ka ja shi ciki."

"Na zubda shi tun jiya."

"Kai, Baba! Mi ya kai ka?"

Layi ya yanke. Baushe ya ɗaga wayar sama yana neman reso ko layin zai dawo. Tsoro ya ji ƙwarai, irin wanda bai taɓa ji ba a kan aikinsa. Ya salwantar da amanar tsohuwa da hannunsa, saboda tsabtar banza.

Tanne ta dubi gilashin, ta dube shi. Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Baushe," ta ce, "ina Albarka?"

Bai taɓa jin sunan daga bakinta ba. Ita ma ta razana da kanta, ta rufe baki da tafi.

Sai waya ta yi ƙara. "Baba, kwantar da hankalinka," in ji Ibrah. "Ƙohwa ka ɗauke, ɗakin na nan. Tahi can ƙasa, hannun hagu, danna. Rubuta sunan abin, in hwaɗa maka harahi ɗai-ɗai."

Da yatsa ɗaya Baushe ya bi, hancinsa na kusan taɓa gilashi. Ya kuskure sau biyu, ya sake. Sai ga shuɗin ambulan ya fito. Ya danna, wasiƙu suka jero, ya gangara har ya iske ta Albarka. Ga shi nan tsaye jikin wani bango, da jar hula, yana murmushi.

Yau Tanne ba ta saci kallo ba. Ta matso ta dube shi sosai, ta kai yatsa kusa da fuskar, ba ta taɓa ba. Sannan ta gyara kallabinta ta miƙe.

"Rana ta yi sanyi," ta ce, alhali ko hantsi bai gama ba. "Na sha inuwa."

Washegari Baushe ya sa aka wanke hoton a takarda, ya miƙa mata ranar kasuwa cikin ƙullin gishiri. Har yanzu tana zuwa shan inuwa. Ba ta sake faɗin sunan ba, shi ma bai taɓa gaya wa kowa ya ji ba.