Bawul ɗin da Ya Kai Baba Buraima Hannun Jandarma

Baba Buraima maƙwabcinmu ne a Zango. Daga Dosso ya zo Lome yana saurayi, ya yi dako a tashar jirgin ruwa, daga baya ya samu aikin kula da tukunyar tururi a wata masana'antar sabulu ta gwamnati. Ba shi da surutu. Ina gama karatun injiniya aka ɗauke ni aiki a can.

Duk ranar da aka kwashi ma'aikata zuwa animasiyo, wato rawa da waƙar jam'iyya, sai allurar ma'aunin tururi ta haukace, ta hau ta sauko, bututu yana jijjiga. Baba kaɗai ke zama, don ba a barin tukunya, ga kuma ciwon gwiwa. Tchakoura, idon jam'iyya a wurinmu, ya lura.

"Tsoho, in muna rawa, kai me kake taɓawa?"

"Carbi," in ji Baba.

Ba wanda ya yi dariya. Washegari jandarma suka tafi da shi, wai yana ɓata injin gwamnati da gangan. A Zango aka koma gaida matarsa Meimuna daga nesa, kowa yana kallon bakin ɗan'uwansa.

Da ranar rawa ta zagayo, na ce cikina na ciwo, na zauna tare da Seydou da aka ba tukunyar. Baba yana tsare, amma allura ta yi haukarta. Na duba bawul ɗin da ke daidaita tururi, na same shi kusan a rufe. In an kashe injuna an tafi, tururi kaɗan ake bukata, bawul ɗin kuwa ya yi girma. Da ya ɗan motsa sai tururi ya kwararo, ya rufe, ya sake buɗewa, kamar mai cika kofin shayi da bokiti.

Na bayyana wa darektan masana'anta a gaban Tchakoura. Ban ambaci animasiyo ba, na ce "lokacin da aiki ya ragu." Muka sa ƙaramin bawul, allura ta natsu, aka sako Baba.

Ya dawo a rame. Yanzu ranar rawa yakan bar wa Seydou tukunya, ya ja gwiwarsa ya tsaya a layin baya yana tafi. Rannan muna fitowa daga masallaci ya riƙe hannuna.

"Ɗana, kai ma ka riƙa zuwa. Jiya Tchakoura ya tambaye ni ko cikinka ya warke."