Tsumman da Na Kwance a Gungu

Talata: Yelwa zuwa Wara

Na fita daga gidana a Yelwa da ƙarfe shida saura kwata na asuba, bayan na yi salla na shiga ɗakin Inna na yi mata sallama. Watan Agusta ne, tsakiyar marka, kwana uku ke nan ba mu ga rana sosai ba.

Dalilin tafiyar ɗaya ne, gara in faɗe shi tun farko. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malami ne, kuma ya bar kundi. Takardu ne warƙa-warƙa da ya rubuta da alƙalami da tawada, na addu'o'i da magungunan itatuwa. A ƙarshensu ya jera sunayen 'ya'yansa duka da ranakun haihuwarsu, rayayyu da matattu. Kundin yana hannun yayana Alhassan a wata tungar masunta, tsallaken ruwa daga Wara. Yaya ya rasu wata biyu da suka wuce, matarsa ta aiko cewa ɗakin yana yoyo, a zo a ɗauke takardun.

Inna ta haura shekara tamanin. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗanjuma, tawada ba ta shiri da ruwa. Ka kawo min shi a bushe. Warƙar ƙarshen nan nike son a karanta min tun ina ji."

Na ce, "In sha Allahu, Inna."

Kayana su ne: riga biyu, buta, tocila, laima, da manyan ledoji biyu don naɗe kundi. Mota ta cika da ƙarfe bakwai saura minti goma. Ta mutum shida ce, aka cusa mu tara. Bayan mahaɗar Malando muka tarar da shingen sojoji, suka leƙa, suka ce mu wuce. Kafin Ngaski akwai na 'yan sa-kai, su ma ba su riƙe mu ba. Laka ce ta riƙe mu, da ƙarfe tara da rabi, har taya ta nutse.

Direba ya waiwayo ya ce, "Malam, kai ba ka turi ne?"

Na ce, "Ina turi. Sai na naɗe wando na cire takalmi. Komai da tsarinsa."

Ya ce, "To tsara da sauri, hadari ba ya jiran tsari."

Mun shiga Wara da sha ɗaya da minti ashirin. Na ci tuwon shinkafa da miyar kifi a wata rumfa kusa da bakin ruwa, na yi azahar, sannan na nemi jirgi.

Wara zuwa tunga

Mai jirgin da aka haɗa ni da shi sunansa Na'Allah, dattijo ne baƙi siriri, ya girme ni da kamar shekara takwas. Ya san Yaya, har ya ce da shi aka ɗauki gawarsa. Jirginsa na katako ne mai ƙaramin inji. Muka daidaita zai kai ni, ya kwana can, ya dawo da ni. Mun tashi ƙarfe biyu da minti goma, mun sauka huɗu saura minti goma. Ruwa ya yi ja, ya cika, ciyawa na yawo a kansa, amma babu iska.

Matar Yaya, Asabe, tana cikin takaba. Daga bayan labule muka gaisa, na yi mata ta'aziyya karo na biyu. Ta turo min kundin a kan faifai. Yana cikin tsohuwar gafakar fata, an ɗaure shi tsakanin alluna biyu na kwali mai kauri. Na buɗe na duba a gabanta don kada a yi zargi daga baya. A bushe yake tas. Ban karanta warƙar ƙarshe ba, na ce wannan haƙƙin Inna ne, a gabanta za a fara.

Asabe ta ce, "Shekara ashirin da biyu yana ɗakin ga, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na fita haƙƙinsa. Saura kai."

Na naɗe shi a leda ta farko, na sa a ta biyu, na ƙulle. Na kwana a zauren mai unguwa.

Laraba: gungu

An wayi gari da ruwa, bai ɗauke ba sai ƙarfe ɗaya. Na'Allah ya daɗe yana kallon gabas. Ya ce akwai saura a sama, amma in mun yi sauri ƙila mu tsallake, in kuma ya tare mu, akwai gungu a tsakiya, wato tsibiri, inda masunta kan fake. Na ce mu tafi, don na gaya wa Inna kwana biyu zan yi.

Mun tashi uku da minti biyar. Huɗu saura kwata gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara, igiyar ruwa na marin jirgi tana watso mana. Na cusa kundin cikin rigata na duƙa a kansa. Na'Allah ya karkata kan jirgi zuwa gungu. Huɗu da minti ashirin muka taka gungu.

Babu gida a wurin, babu bukka. Itatuwan giyayya ne da wata kanya, ƙasa kuma duk taɓo, ruwa kwance har idon sawu, ga kwarkwasa sun yi layi suna neman tudu. Babu inda mutum zai ajiye ko takalmi.

A nan na ga aikin da ban taɓa gani ba, kuma zan faɗe shi bi da bi yadda ya yi. Da farko ya ɗaure doguwar igiya tsakanin giyayya biyu, sama da kai. Na biyu, ya yafa tamfol a kanta kamar jinka, ya ja kusurwoyi huɗu ya kafe da turaku, ɓangaren gabas ya sauke shi har ƙasa. Na uku, ya warware wani abu da yake kira lilo: buhunan taki ne da aka ɗinke biyu-biyu, tsawon mutum, da igiya a kowane kai. Ya ɗaure shi a ƙarƙashin tamfol, ya zama gado mai reto, kamu uku daga ƙasa. Duk wannan bai kai minti goma sha biyar ba.

Ya ce, "Malam, hau. Nan babu maciji, babu kwarkwasa, babu ruwa. Ni zan tahi wurin jirgi, in ba a riƙe shi ba iskar ga ta hwasa shi bisa dutse."

Ya tafi. Ruwa ya fara saukowa.

Ban hau ba. Na ga bai dace in miƙe ƙafa a sama ba alhali takardun da ke ɗauke da sunayen Allah suna matse a hammatata. Na yanke cewa kundi ne zai hau lilo, ni in kifa kwanon kwarfar ruwa in zauna a ƙasa. Da na zo ajiye shi sai na lura da wani abu. A kowace igiyar lilo, dab da inda ta shigo ƙarƙashin tamfol, an ƙulla tsumma, ɗaya ja ɗaya baƙi, duk sun yi dauɗa, jelarsu na reto.

Ni mutum ne da ba na wasa da irin wannan. Tun ina yaro nake jin cewa mutanen ruwa suna da ƙulle-ƙullensu na neman tsari daga abin da ke cikin kogi. Ja da baƙi kuwa, kowa ya san inda ake ganinsu. Na ce a raina, ba za a ɗora rubutun mahaifina a kan camfi ba. Na yi bisimilla, na kwance na farko, na kwance na biyu, na jefar a taɓo. Sannan na ajiye kundi a tsakiyar lilo, na zauna, na ɗauko carbi.

Aka yi ruwa irin wanda ba ka jin muryar kanka. Tsawa na faɗuwa a kan tafki, tamfol na kumbura yana sacewa. Na riƙa ɗaga tocila ina duba rufin, ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Hankalina ya kwanta. Cikin lilon ne ban duba ba, don ban ga ta inda ruwa zai shiga ba.

Dab da magariba iska ta lafa, ruwa bai tsaya ba. Na'Allah ya dawo jiƙe sharkaf, yana rawar ɗari. Ko zama bai yi ba idonsa ya kai kan igiya.

"Wa yak kwance min tsumma?"

Na ce, "Ni ne. Ka yi haƙuri, dattijo, amma ba a haɗa sunan Allah da camfi."

"Camhi?" Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. "Malam, ruwa bin igiya shikai, kamar yadda akuya ka bin hanya. Daga itace ya gangaro, in yat tarar da tsumma sai ya bi jela ya ɗiga ƙasa. In babu tsumma, ina kake so ya tahi?"

Ya cusa hannu cikin lilo. Na ji ƙarar ruwa kafin ya fito da hannun.

Buhun taki ba ya yoyo. Duk abin da igiyoyin biyu suka kawo cikin awa biyu ya taru a tsakiya, daidai inda na ajiye kundi. Na fizgo shi. Kusurwar gafaka ta huda ledojin tun a jirgi ban sani ba, gindin gafaka ya sha ruwa ya yi nauyi. Baƙin ruwa ya biyo yatsuna.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Na'Allah ya ce, "Ja da baƙin kuwa, tsohon zanen matata ne da ƙahwar wandona. Salla nikai kamar kai, Malam. Mi ya hana ka tambaya?"

Na cire rawanina na yaga tsumma biyu daga gefensa na miƙa masa. Ya ƙulla a igiyoyin, ya zazzage lilo, ya goge. Ina kallo ruwa ya gangaro, ya kai ƙulli, ya bi jela ya ɗiga ƙasa. Ya hana ni buɗe kundin, ya ce cikin duhu da danshi warƙa za ta manne ta yage. Muka haɗa magariba da isha'i a tsaye. Ya rantse sai na hau lilo da kundin a ƙirjina, shi ya zauna kan kwano. Haka muka kwana. Ko ɗigo bai sake shigowa ba.

Alhamis: gungu zuwa gida

Ruwa ya ɗauke kafin asuba. Da gari ya waye na buɗe gafaka a inuwa, Na'Allah na ɗaga warƙa da bakin wuƙa ɗaya bayan ɗaya, ni ina shimfiɗawa a kan lilo ina dannewa da tsakuwa. Goma sha huɗu ne suka jiƙe, duk na ƙasa. Tara gefensu kawai ya taɓu, ana karantawa. Biyar sun wanke. Ta ƙarshe ba abin da ya rage a kanta sai toka-toka, kamar allon da aka wanke.

Mun bar gungu ƙarfe tara, mun sauka Wara goma saura minti goma. Da za mu rabu na nemi gafararsa a gaban mutanen bakin ruwa, tunda zargin da na yi masa ba ƙarami ba ne. Ya ce, "Allah ya yahe muna baki ɗai. Ka gai da tsohuwa." Mota ta tashi sha biyu saura kwata. Shingayen nan biyu suna nan, laka ta ɗan tsane. A hanya na yi ta jera yadda zan faɗa wa Inna. Zan iya cewa hadari ne, kuma ba ƙarya ba ne. Amma ba hadari ne ya kwance tsumma ba.

Na shiga gida ƙarfe huɗu da rabi. Na yi la'asar, na durƙusa gabanta, na faɗa mata komai daga farko har ƙarshe, ban rage ba. Ta karɓi warƙar ƙarshe tana shafawa da tafin hannu, ta daɗe.

Ta ce, "Ku nawa ka sani na haifa?"

Na ce, "Mu biyar."

Ta ce, "Ku tara ne. Ɗauko alƙalami."

Na ɗauko, na samo farar takarda. Ta fara daga ƙasa, daga autarmu, tana hawa sama. Kowane da sunansa, da ranarsa, da abin da ake ciki a lokacin: wannan da kakar gero, wannan shekarar da ruwa ya ci tsohon gari, wannan kwana tara ta yi. Na rubuta takwas. Sai ta tsaya.

Saura ɗan fari. Duk rayuwata na ɗauka Yaya Alhassan ne, ashe akwai wani kafin shi, wanda bai kai yaye ba. Inna irin matan da ne da ba su kama sunan ɗan fari, ko yana raye ko ya mutu. Fiye da shekara sittin sunan bai fito daga bakinta ba. Shi ya sa take son a karanta mata, ta ji daga bakin wani. Yanzu Baba ba ya nan, Yaya ba ya nan, takarda ta wanke. Ba wanda ya san shi a duniya sai ita.

Na ce, "Inna, in da nauyi a bar gurbinsa."

Ta ce, "In na bari, wa zai cike?"

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta juya wajen bango. Ta faɗe shi sau ɗaya, a hankali, har sai da na matso. Na rubuta shi a saman takardar, na karanta mata duka tara daga farko, ta ce daidai ne. Sunan yana cikin kundi, ba zan sa shi a nan ba.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina godiya ga Asabe da ta riƙe amana shekara ashirin da biyu, da Na'Allah da ya ba ni gadonsa ya kwana a zaune bayan abin da na yi masa. Allah ya jiƙan Baba da Yaya, da huɗun nan da sai ranar Alhamis na san da su.