Kunne da Kwalekwalen Tudu

Shekara ashirin da takwas ya yi yana tuƙa bas ɗin cikin gari, kuma duk faɗin garejin kamfanin ba mai kiransa da sunan yanka. Kunne ake ce masa. In ya tayar da mota da safe, sai ya karkata kai ya yi tsit kamar mai laɓe a bayan ƙofa, can ya ce, "Akwai abin da ke ƙas-ƙas a ƙafar baya ta hagu." In aka duba kuwa sai a samu.

Dokar garejin ita ce kowane direba ya cike takardar rahoto kafin ya fita. Motar da aka samu da matsala, a rataya mata jan kati a sitiyari, ba ta ƙara taka titi sai an gyara. Sauran direbobi kan rubuta "lafiya" su wuce abinsu. Kunne kuwa har bayan takardar yake juyawa ya ci gaba da rubutu. Shugaban kanikawa, wani ɗan gajere mai baki da ake kira Sifana, ya sha rantsuwa cewa rabin furfurarsa Kunne ne ya dasa masa.

"Kai ko ƙuda ya yi tari a cikin inji sai ka rubuta," in ji Sifana.

"In kunne ya ji, jiki ya tsira," in ji Kunne, yana miƙa masa takarda.

Wata Talata da hantsi, mota cike maƙil, ya zo zai hau babban titi daga wata kwana. Ya juya wuya dama sosai don ya ga inda madubi ba ya nunawa, sai duniya ta ɗauke masa ɗif. Ba ciwo, ba ƙara, duhu kawai. Da ganinsa ya dawo, ƙafarsa na kan birki, wata mata a baya tana ta masifa kayan jakarta sun zube. Abin bai wuce daƙiƙa uku ba. Amma mutumin da ya shekara ashirin da takwas a kan sitiyari ya san tsawon titin da bas ke cinyewa a daƙiƙa uku, ya kuma san cewa sa'a ce kawai ta sa ƙafarsa ta faɗa kan birki ba kan totur ba.

Bai gaya wa kowa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Bayan mako biyu aka yi gwajin lafiyar direbobi na shekara-shekara. Likitar kamfanin ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake ɗaurawa, ta taɓe baki.

"Baba, jininka ya hau da yawa. Ga magani, ka rage gishiri, kuma ka riƙa motsa jiki. Wata uku na ba ka. In ka dawo bai sauka ba, ba zan sa hannu ka ci gaba da tuƙi ba."

Wani zai fito daga ɗakin nan da baƙin ciki. Shi Kunne har da ɗan sanyi ya ji a ransa, don a ganinsa ya gano mai laifi. Hawan jini ne ya kawo duhun nan. In jini ya sauka, duhu ya tafi, ba wanda zai taɓa sani. Matsalar ita ce gwiwarsa ta hagu, wadda kulocin tsofaffin motoci ya gama da ita tuntuni. Gudu ba zai yiwu ba, tafiya mai nisa ma sai ya kwana yana shafa man zafi.

Sifana ne ya ja shi sama. A saman garejin akwai wani tsohon ɗakin ajiya da ƙungiyar direbobi ta share ta zuba kayan motsa jiki, ɗaki mai taga ɗaya da ƙofar ƙarfe da ba ta rufuwa da kyau, kullum yana warin roba da baƙin mai. A jikin bango aka shimfiɗe wani dogon abu: ƙarfe guda miƙaƙƙe, 'yar kujera mai zamewa a kansa, matakan ƙafa biyu masu maɗauri, sai fanka a cikin keji a gaba, da sarƙa mai mariƙi, da ɗan allo mai nuna lambobi. Injin koyon tuƙin jirgin ruwa ne, amma direbobi kwalekwalen tudu suke ce masa. Sifana ya shekara biyu yana hawa saboda ciwon baya.

"Zauna, mutumina. Wannan ba ruwansa da gwiwarka."

Kunne ya zauna. Abu na farko da ya yi, ya leƙa gefen fankar ya ga lamba ɗaya zuwa goma, ya tura ɗan hannun da ke nuna lambar ya kai goma.

"Me ka yi?"

"Babbar giya mana. Ni yaro ne?"

"To a babbar giya kake tayar da bas? Mayar huɗu kafin ka karya bayanka in ɗauke ka a baro."

Ya koya masa da yaren da zai gane. Ƙafafu su ne inji, su ke turawa. Baya ya biyo, hannu ya zo ƙarshe, shi ƙugiya ne kawai. In za a dawo kuma a juya lissafin: hannu, baya, sannan ƙafa, a hankali, ba gaggawa. Kunne ya ja da hannu kamar mai jan guga, ya buga mariƙin a gwiwa, ya zame gaba ya yi karo da diddigensa. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya tsayar da shi, minti biyu da farawa, wani bugu ne da ya ji a ƙirjinsa, dum-dum-dum, har cikin kunnuwa. Ya saki mariƙin, ya dafe ƙirji, ya yi tsuru-tsuru. Mahaifinsa a kan kujera ya faɗi yana da shekara hamsin da shida, bai ƙara magana ba. Kunne yana da hamsin da biyar.

"Sifana, akwai ƙara. Wallahi akwai ƙara a ciki."

"Zuciya ce, bawan Allah. Aikinta ke nan. Inji ne ya ɗau zafi, ba lalacewa ya yi ba. Za ka iya yi min magana?"

"Ina iyawa."

"To ja. Ranar da ka kasa zagina, ranar za mu tsaya."

Sai kuma wani halin nasa, wanda ya zama abin dariya a garejin har mako guda. A kwalekwalen tudu, duk jan da mutum ya yi baya yake tafiya. Kunne kuwa tunda yake bai taɓa matsawa baya taku ɗaya ba tare da ya duba ba. Duk turawa sai ya ɗan saci kallon bayansa ta kafaɗar hagu, ko ya ɗaga ido neman madubin da babu.

"Bango ne a bayanka," in ji Sifana, yana dariya har da riƙe ciki. "Tun da aka gina shi bai taɓa tsallaka titi ba. Kalli allonka!"

Da ƙyar ya horar da wuyansa ya tsaya wuri ɗaya. Daga nan abu ya miƙe. Kullum in ya ajiye mota da la'asar sai ya hau sama, minti biyar ya zama goma, goma ya zama ashirin. Tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulun ruwa, ya fashe, ya yi kanta. Ya koyi dawowa a hankali, fankar tana huci tana lafawa, har ya fara jin daɗin sautinta. Tsoron bai bar shi ba, gaskiya. Kowane ja da kunnensa ɗaya a kan zuciyarsa yake yi. Amma bugun ya zama sananne, irin ƙarar motar da ka saba da ita.

A gida matarsa ce ta fara lura. Ta ga ya ƙara huda bel ɗinsa da ƙusa, ta ga ya daina tsayawa hutu a tsakiyar bene. Kowace safiya ita ke ɗaura masa abin awon jinin da 'yarsu Auta ta kawo, ta karanta lambar da ƙarfi kamar mai shela.

"Baban Auta, yau ma ya sauka. Wannan jirgin naku da ba ya zuwa ko'ina, ashe yana kai mutum wani wuri."

"Sannu ba ta hana zuwa," ya ce, yana gyara hannun riga.

Saura kwana tara ya koma wurin likita. Ranar shi kaɗai ne a ɗakin sama, Sifana yana ƙasa ƙarƙashin wata mota. Ya yi minti goma sha takwas, gumi na ɗiga daga haɓarsa, sai iska ta buga ƙofar ƙarfen nan a bayansa, garam! Jiki ba ya manta aikinsa. Kafin ya yi tunani ya riga ya juya wuya dama gaba ɗaya, yadda zai yi in ya ji an daki bayan motarsa.

Da ya farka, a karkace yake, kafaɗarsa a kan siminti, ƙafafunsa na ɗaure a matakai, fankar na ƙarasa juyawa. Ya daɗe a haka yana kallon ƙurar da ke ƙarƙashin injin. Da safen nan matarsa ta auna shi, lambar ta yi kyau fiye da kullum.

Ya kwance ƙafafunsa, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Sai ya yi wa kansa abin da yake yi wa mota in yana neman inda ƙara take. Ya juya wuya hagu, ya jira. Ba komai. Ya ɗaga kai sama, ya sunkuyar. Ba komai. Ya juya dama a hankali, ya ƙara, ya ƙara kaɗan, sai gefen idanunsa ya fara yin baƙi, ɗakin ya soma nisa. Ya yi maza ya dawo da kansa. Ashe ba hawan jini ba ne. Wata uku yana gyaran abin da ba shi ne ya lalace ba, kuma direban da ba zai iya duba damansa ba, ai ba direba ba ne.

Ranar gwaji likita ta auna shi sau biyu, ta yi murmushi.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Da duk direbobin nan haka suke, da na huta." Ta jawo takarda tana tambaya tana yin alama. "Ciwon ƙirji?"

"Babu."

"Jiri, ko ɗaukewar gani, ko suma?"

Ya kalli biron da ke hannunta. Ya tuna sitiyari, da kujerarsa da ta lotsa daidai jikinsa, da yadda yini zai yi tsawo ga mutumin da bai iya komai ba sai tuƙi.

"Babu," ya ce.

Ta buga hatimi. A gida matarsa ta rangaɗa guɗa, ta kira Auta a waya ta gaya mata. Shi kuwa loma biyu ya yi ya ture kwano, ya ce gajiya ce.

Washegari da sassafe ya ɗauki makulli a allon makullai. Ya zagaya motarsa, ya daki tayoyi, ya duba mai da ruwa, ya hau ya tayar. Ya karkata kai ya saurara. Injin na tafiya sumul, ko ƙas babu. Daga inda yake yana hango tashar farko ta ƙofar gareji, mutane sun fara taruwa: ma'aikatan asibiti biyu da fararen takalma, wani tsoho mai sanda, wata mace da goyo tana jijjiga shi. Don ya fita daga layinsa dole ya yi ribas, kuma ginshiƙin garejin na dama ne. Ya sa giya. Ya riƙe sitiyari. Wuyansa ya ƙi juyawa, zuciyarsa na bugu irin na ranar farko a ɗakin sama.

Ya cire giya, ya ja birkin hannu, ya kashe mota. Ya ɗauko takardar rahoto ya ɗora a kan sitiyari. Wannan karon rubutun bai kai bayan takarda ba.

Sifana na wanke hannu ya ga Kunne ya nufo shi da takarda, ya ɗaga kai sama.

"Yau kuma wane ƙudan ne ya yi tari?"

Ya karɓa ya karanta. "Mota lafiya. Ganin direba yana ɗaukewa in ya juya wuya dama. Sau biyu. Na farko da fasinja a ciki." Ya sake karantawa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Tun yaushe?"

"Wata uku da rabi."

"Kuma ka yi ta fita da mutane? Kai? Kai da ka hana ni barci a kan kusoshi?"

Kunne ya gyaɗa kai.

Sifana ya goge hannu a tsumma, ya je ya buɗe akwatin da ake ajiye jan kati, ya ɗauko ɗaya. Ya tsaya yana kallon motar, ya kalli abokinsa. Motar ba ta da laifi, ba inda zai rataya shi. Kunne ya miƙo hannu, tafin nan mai kanta, ya karɓi katin ya sa a aljihun gaban rigarsa, jan bakinsa ya leƙo waje. Ya ciro makulli ya ba Sifana.

"Likita takwas take zuwa," in ji Sifana a hankali. "Wataƙila abin mai gyaruwa ne."

"Wataƙila."

"Zan raka ka."

"Ka fara nemo wanda zai fita da ita," in ji Kunne, yana nuna tasha da haɓa. "Mai goyon can ta daɗe a tsaye."