Agogon Baba Elisha

"Ai sababbin jiragen yaƙin nan masu saukar ungulu ko cikin duhu suna hango ɗan bindiga," in ji wani direban Adaidaita Sahu, yana nuna bidiyo a wayarsa. "Kowanne da rokoki a haƙarƙarinsa!"

Nafi'u na zaune kan benci a unguwar Gyadi-Gyadi, yana jiran a yi wa babur ɗinsa faci. Hankalinsa na kan mai facin, dattijon da ya ji ana kira Baba Elisha. Dogo ne, kansa a aske ƙwal, rigarsa a goge duk da baƙin mai. Ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, sai ya miƙe ta gefe yana dulmiya tub cikin ruwa. Nafi'u na kyautata zaton tsohon soja ne.

Can sai ƙarar jirgi ta keto daga sama. Kowa ya ɗaga kai, ban da dattijon. Shi agogon hannunsa yake kallo, leɓunansa na motsi.

"Baba, ba za ka kalla ba?" in ji Nafi'u.

"Ɗana, ni ba rokoki ne damuwata ba. Idan sojan ƙasa ya kira shi, minti nawa yake yi kafin ya iso?"

Direban ya mayar da wayarsa aljihu.

"Ran da muka kira shi, mu goma sha ɗaya ne, awa uku muna jira. Huɗu muka dawo." Dattijon ya goge gilashin agogon da babban yatsa. "Yanzu autana ne soja a dajin."

Ya ɗauki ƙarfensa na cire taya, ya ja ƙafa zuwa ga wata mota da tayarta ta sace.