Kawu Orval da Injin Ɗumin Ƙanensa

Kawu Orval Niemi yayan uwata ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya yabi wani abu na ƙanensa Darold ba. Gidajensu na kallon juna a layinmu na garin Escanaba. In Darold ya harbo barewa, Kawu Orval zai tsallako titi ya duba ƙahon, ya ce tsohuwa ce, dama neman mai ƙarasa ta take yi. Ni dai makaranta na bar ta tun kafin ta kore ni, amma karatun fuskar kawuna na haddace shi tsaf.

A masana'antar takarda ya ƙare ƙuruciyarsa. Matarsa ta rasu da wuri, bai sake aure ba. Abu ɗaya yake taƙama da shi: mahaifiyarsu, Kaka Hilma, a gidansa take zaune, ba a gidan Darold ba. Ko a coci sai ya san yadda ya sako zancen.

To bara sai Darold ya sa sabon injin ɗumama gida mai aiki da gas. Farin bututu ya leƙo ta bango yana fitar da tururi, daidai saitin tagar kicin ɗin Kawu Orval. Shi kuwa nasa injin, da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya girme ni ya girmi uwata. In ya tashi sai ka rantse jirgin ƙasa ne ya shigo falo, ɗumin kuwa bai fi hucin kare ba.

Kaka ta je yini gidan Darold, ta dawo tana murza gwiwa.

"Orval, yau har safa na cire a can. In dusar ƙanƙara ta sauka ba ka canja wannan tarkacen ba, can zan koma."

"Haba Mama, ai irin wannan ƙarfen an daina yin sa!"

"Nima an daina yin irina. Ka dai ji na faɗa maka."

Kuɗin sa injin ya kai na tsohuwar mota mai lafiya, amma Kawu yana da su. Matsalar daban ce. A garinmu namiji ba ya alfahari da tsadar abu, da arharsa yake yi. Kawu Orval ba zai taɓa sa hannu a ciniki ba sai ya ji abin da Darold ya biya, don ya biya ƙasa da haka.

Ya tare shi yana share ganye a ƙofar gida.

"Kai Darold, nawa suka cuce ka?"

"Yaya, in na faɗa maka ba za ka iya cin abinci ba. Kusan kyauta."

"Kyauta nawa?"

"Kyauta dai."

Shi ke nan fa. Kawu ya shiga kiran masu haɗa injin ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zo ya auna gida, ya sha kofi, ya faɗi farashi, sai Kawu ya leƙa taga ya ce, "Na san wanda aka yi wa ƙasa da haka." Wani ya rage, wani ya ƙara rage masa, shi dai yana hango Darold yana dariya. Har matar Darold ya kai wa kifin da ya kyafe da hannunsa ko za ta yi suɓutar baki. Ta karɓe kifin ta ce ita ba ta shiga zancen maza.

Na ce masa, "Kawu, ka biya kawai, in aka tambaye ka ka yi ƙarya kamar kowa."

"Ɗan banza, ni ai zan sani!"

Ranar wata Asabar da hantsi dusar ta sauko. Kaka ta miƙe. Ta naɗe bargonta, ta ɗauki kwandon saƙarta, Darold ya riƙo hannunta suka tsallaka titi. Kawu na tsaye a ƙofa da kofinsa.

Washegari ya kira wanda ya fi yi masa sauƙi. Mutumin ya ce yanzu rabin gari na layi, kuma wancan farashin ya tafi tun lokacin zubar ganyen bishiya. Kawu ya biya yadda aka ce, ko tari bai yi ba. Sai bayan Kirsimeti aka haɗa masa.

Tun ranar ya ƙure injin. Gidan ya zama gidan burodi, har ƙanƙarar rufi tana narkewa tana ɗiga, don dai na tsallaken titi su gani. Ya sa rigar coci ya je ɗauko Kaka.

Kaka na kishingiɗe, jikokin Darold na tsefe mata zare.

"Mama, ɗakinki ya yi ɗumi. Har ya fi nan."

"Na ga rufin yana kuka. Ka rage, ɓarna ce." Ta gyara filo. "Ni kam na zauna, Orval. Ka riƙa zuwa cin abincin Lahadi."

Yana zuwa. Ya ci, ya ce naman ya yi gishiri, ya koma gida. Ɗakin Kaka kuwa har yau bai rufe mashigar ɗumin ba.