Waɗanda Suka Shiga Ɗakin Marta

A Dar Salam, can bayan Omdurman, babu lantarki a layinmu sa'ad da nake yarinya. In an sallaci isha'i, Habboba, kakata ta wajen uba, takan jawo murhun gawayinta tsakar gida ta ɗora kofi, ni da ƙanena Sadik da 'ya'yan gwaggona mu zube a gadon igiya muna ture juna. Da Hausar da iyayenta suka taho da ita a ƙafa kan hanyar Makka take yi mana tatsuniya, amma in labari ya yi zafi sai Larabci ya kutso kai. Mun saba da dodanninta. Babu wanda suka taɓa hana wa barci.

Labarin da ya hana ni barci ba dodo a cikinsa. Damina ce, an yi ruwa da rana, sauro ya cika gida. Sadik ya yi ta kwaikwayon waƙar da ake rerawa a kanisar bayan layinmu, wato cocin Kirista, yana maƙale murya muna dariya. Habboba ba ta tsawata masa ba. Ta dai ture gawayi da tsinke ta ce, "Ku matso nan. Yau ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba. Wannan da idona na gani."

Ta ce shekarar da suka fara zama a Dar Salam, ɗakuna na buhu ne da kwali, katanga kuwa iya ƙirji. Maƙwabciyarta wata Kirista ce daga duwatsun Nuba, sunanta Marta, wankau take yi a gidajen cikin gari. Mijinta Kuku yana aikin bulo a Aljirif, sai ƙarshen mako yake dawowa. 'Ya'yansu uku, ƙaramin yana rarrafe.

A daminar nan ruwa ya kwanta a unguwa, shaddoji suka tumbatsa, sai amai da gudawa suka shigo.

"Mutum ya sha shayi da kai da safe," in ji Habboba, "la'asar ana yi masa wanka. Aka daina musabaha. In ka ji kuka a wani gida, sai ka ja ɗanka ciki ka rufe ƙofa."

Kuku ya dawo daga aiki yana riƙe da ciki, kafin rana ta sake yin tsaka ya cika. Marta ba ta ko sami damar yin kururuwa ba, ita ma cutar ta kayar da ita. Habboba ta leƙa ta saman katanga, ta hango gawar a ƙasa, Marta kwance kusa da ita idanu sun faɗa, jaririn yana rarrafe tsakaninsu yana neman nono. Babana a lokacin yana goye a bayanta, kakanmu kuma ya rantse ba za ta taka gidan ba. Sai ta kira babbar 'yar Marta da ke laɓe a bakin ƙofa ta ce, "Ya bitti, 'yata, ruga kanisarku. Duk wanda kika tarar, ki ce masa babanki ya mutu, mamarki tana binsa."

Kanisar a lokacin rumfar zana ce kawai, da itace biyu a giciye a samanta. Ba a jima ba mata suka ɓullo ta kan kwana, sun ɗaure hanci da bakin mayafi, suna ɗauke da jarkokin ruwa da gishiri da sukari. A gabansu wata tsohuwa mai sayar da soyayyar gyaɗa, ana ce mata Mama Rahil. Da suka iso ƙofar ɗakin, wari ya buge su, suka tsaya cik. Wata matashiya ta juya ta fashe da kuka.

Habboba ta rage murya, har sai da muka sunkuyo. "Mama Rahil ta dube su ta ce, 'Duk mai shayarwa ta tsaya a waje ta tafasa ruwa. Mu da muka gama haihuwa, mu za mu shiga.' Ta tuɓe takalmi ta shiga. Biyu suka bi ta."

Suka miƙo jaririn waje aka wanke shi. Suka riƙa ɗura wa Marta ruwan gishiri da sukari da cokali, tana amayarwa suna sake ɗurawa. Mazan kanisa suka zo suka naɗe Kuku a tabarma suka tafi binne shi. Mai keken jaki da aka kira ya ga halin da ake ciki, ya kwance jakinsa ya ce shi ba zai kusanci ɗakin ba, sai samari suka shiga gaban keken suka ja Marta da hannu cikin taɓo har bakin titi, Mama Rahil tana zaune a kai ta tallafe mata kai. Kafin magariba an raba yaran a gidajen 'yan kanisa, an ƙone shimfiɗa, an yayyafa toka a ɗakin. Habboba kuwa ta wuni tana miƙa musu tafasasshen ruwa ta saman katanga, tana wanke hannu har fatarta ta yi fari.

Marta ta dawo daga asibiti kamar sillen kara. Ta tarar an gyara mata rufi, ga sabuwar tabarma, ga 'ya'yanta duka da rai. Kowace rana wani gida ne ke kawo mata tukunya, har ta iya komawa wankau. Abu ɗaya ne kowa ke kauce wa amsawa: kullum sai ta tambayi ina Mama Rahil, tana so ta yi mata godiya.

"Ina take?" in ji Sadik.

"Tun Marta na asibiti cutar ta kama ta. Waɗanda suka shiga tare da ita su suka yi jinyarta, su suka rufe mata ido."

Sadik ya sake tambaya, "Habboba, ba ta san za ta iya mutuwa ba?"

"Ta sani mana, ya waladi, ɗana. Ni na ga hannunta yana rawa sa'ad da take tuɓe takalmi."

Ta zuba kofinta. Daren nan duk ƙugin da cikina ya yi sai na ɗauka cutar ce ta zo, na ƙanƙame ƙafar gwaggona har asuba.

Na daɗe ina ɗaukar Mama Rahil a matsayin wata halitta daban, irin waɗanda Allah ya cire wa tsoro. Sai da yaƙi ya same ni a unguwar Hajj Yusuf, da aurena da 'ya'yana, na gane kuskurena. Unguwa ta watse, shaguna a rufe. A gidan da ke kallon namu an bar wani tsoho makaho Kirista, Amm Yuhanna, 'ya'yansa sun maƙale a wani gari. Kullum da safe wata mata daga kanisarsu takan biyo jikin katanga da tukunyar wake a hannu.

Wata rana harbi ya ɓarke tana tsakiyar hanya. Na buɗe ƙofa na same ta tsugune a gindin katangarmu, ta rungume tukunyar, haƙoranta suna haɗuwa. Na ce, "'Yar'uwa, shigo ciki har abin ya lafa." Ta dube ni, hawaye na zuba, ta ce, "Bai ci komai ba tun jiya." Ta miƙe a sunkuye ta tsallaka titin da gudu. Ni kuwa na tsinci kaina tsaye a bakin ƙofa ina karanta mata Ayatul Kursiyyu, ban tsaya ba sai da na ga tsohon ya buɗe mata ta shige.