Bokitin da Na Ɓoye wa Hajiya

Ana saura kwana uku azumi, shekarar da na shiga aji biyar a lekol, wato makarantar boko, Baba ya kara kunnensa a jikin wani dabino a lambunmu na bayan Djamboutou, ya ɗago fuska a murtuke. Ni ma na kara nawa. Ƙus-ƙus, kamar ana tauna ƙanzo a ciki. Tsutsar jan ƙwaron nan ce mai dogon baki. Ta riga ta kashe biyu cikin dabino tara da kakanmu ya dasa, kuma ba ta da niyyar tsayawa.

Malamin gona ya koya mana tarko: a huda bokiti kusa da baki, a naɗe shi da buhu don ƙwaron ya samu wurin hawa, a zuba ruwa da gutsattsarin rake, a bari ya yi tsami, a ajiye nesa da itatuwan. Ƙwaro ya bi wari, ya faɗa, ya nutse. Ni aka ɗora wa dubawa kullum bayan na gama shara. Kwana huɗu ke nan sai kakata Hajiya ta shigo lambun, ta toshe hanci da mayafi. "Warin bilbil a lambun mijina? Cikin azumi? So kuke a ce giya muke dafawa?" Ta ce lallai kowace safiya in wanke bokitin in sa sabon rake. Baba ba ya musu da uwarsa. To, wane ƙwaro ne zai kula bokiti mai tsabta? Ko ɗaya.

Ni kuwa ba ni da haƙuri, har yau. Na samo wani bokitin, na haɗa nawa, na cusa shi cikin ganyen ƙaramin dabinon da Hajiya ke kira Auta, inda ba ta zuwa. Ya kama kuwa! Ina tsame ƙwarin ina murna, na manta da maganar nesa. Waɗanda ba su faɗa ruwan ba, cikin Auta suka shige. Kafin babbar sallah kansa ya karye. Baba ya tsinci bokitin, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Sauri ya haifi nawa, Ladidi." Bai taɓa gaya wa Hajiya ba.

Yanzu gidajen bulo sun cinye lambun, dabino biyu kawai ke leƙowa ta saman katangar wasu. Duk sanda na wuce sai ƙafata ta tsaya, ina son in kara kunne. Sauran dabinon, tsutsa ce ta kashe su. Auta kam ni ce.